Ƙwaryar da Hawwa'u Ta Kife

A Ƙofa, idan azumi ya kai ashirin da biyar, ba sai an tambayi inda ƙamshin soyayyar gyaɗa yake fitowa ba. Gidan Malam Harisu ne na bayan masallaci, kuma matarsa Hawwa'u ce a bakin kasko. Kantun gyaɗa ba shi ne sana'arta ta kullum ba. Sauran watanni ƙuli-ƙuli take yi, ta sayar da mai, kamar yawancin matan garin. Amma da Sallah ta matso sai ta ture komai gefe, kuma duk gidan da ke ji da kansa sai an ga kantun Hawwa'u a farantin baƙi, kusa da cincin da dabino, ana ɗauka bayan an ci shinkafar Sallah. Masu surukai a Kusada da Yashe da shi suke zuwa gaisuwa, don sun san ba za su ji kunya ba.

Gajeruwa ce kakkaura, mai murya kamar ta mutum uku. Ba ta da mugun ciki, wannan kowa ya shaida, amma baki kam Allah ya ba ta. In kazarki ta shiga mata shanya, daga bayan katanga za ki ji tarihin kazar da na uwar kazar, kafin la'asar kuma ga kwanon dambu ta miƙo miki ta saman wannan katangar. Ita a ganinta haka duniya take tafiya: wanda aka ɓata wa ya faɗa, wanda ya yi laifi ya amsa, a yi hayaniya, a sha ruwa, magana ta wuce. Ba ta taɓa kawowa a ranta cewa akwai mutanen da ba haka Allah ya yi su ba.

Kantun nata sirrinsa biyu ne, kuma ba ta ɓoye ko ɗaya ba. Na farko gyaɗar. Tana da gayauna a gefen gonar mijinta, inda take shuka wata 'yar ja mai ƙananan ƙwaya, irin da uwarta ta ƙulle mata a bakin zane ranar da aka kawo ta ɗakin miji. Kowace kaka takan ware na shuka kafin ta taɓa na ci. Ita take soyawa cikin rairayi, ta murje, ta sheƙe, ta ɓarza a turmi sama-sama. Sai ta narka sukari a kasko, tana tsaye a kansa ko sallama ba ta amsawa, don tsakanin ya yi ja da ya ƙone bai wuce ƙiftawar ido ba. Ta zuba gyaɗar, ta juya da muciya, ta juye a faranti, ta murza da kwalba, ta yanka tun da zafi. Duk wannan da azumi a bakinta take yi, ba halin ɗanɗanawa, ido da hanci ne ma'auninta.

Na biyu man shanu ne, soyayye, cokali guda a kasko kafin ta sauke, da ɗan wanda take shafe farantin da kwalbar. Shi kuma ba na kowa take sawa ba sai na Rahamatu.

Rahamatu Bafulatana ce, matar wani makiyayi Bube, rugarsu tana gabas da gari a cikin saura, tsohuwar gonar da aka bar nomawa. Doguwa ce siririya, maganarta sai ka matso za ka ji. Haɗuwarsu ta farko ma da faɗa aka fara, in dai za a kira abin da mutum ɗaya ya yi shi kaɗai faɗa. Hawwa'u ta sayi nono ta ce ruwa ya yi yawa, ta zazzage mata kwandon magana a ƙofar gida. Rahamatu ta ɗauki kayanta ta wuce. Washegari sai ga ta da 'yar ƙwarya da curin man shanu a ciki, ta ajiye ta ce kyauta ce. Kunya ta kama Hawwa'u, abin da ba kasafai yake kama ta ba. Lokacin ana gab da Sallah, sai ta cika ƙwaryar da kantu ta mayar mata, don ƙwaryar da ta shigo gida da alheri ba a mayar da ita wayam.

Daga nan abin ya zama al'ada, ba tare da wani ya ce a yi ba. Saura kwana uku Sallah, Rahamatu ta kawo ƙwarya da mai ta bari. Ranar jajiberi ta dawo ta ɗauke ta cike da kantu da 'yan dunƙulen dakuwa, ta kai ruga inda ba a iya irin wannan ba, a ci da Sallah a yi ta santi. Shekara ashirin ana haka. Sun yi wa juna barkar haihuwa, sun yi wa juna ta'aziyya. Lokacin da Hawwa'u ta aurar da 'yarta Karima zuwa Kankiya, Rahamatu ce ta kawo man da aka yi nakiyar gara. Sukan zauna a inuwar rumbu, Hawwa'u na zuba, Rahamatu na murmushi tana gyaɗa kai, kuma kowacce ta tashi tana ganin an yi hira mai daɗi.

Shekarar da abin ya faru, azumi ya faɗo cikin kaka. An cire gyaɗar Hawwa'u an tara a gayauna tana shan iska, saura a tsinke. Da rana tsaka shanun Bube suka ɓalle daga hanyar rafi suka faɗa ciki. Saniya kuwa in ta samu harawar gyaɗa ba ta tambayar mai ita. Suka ci, suka tattake, abin da ya rage suka gauraya shi da ƙasa. Da Hawwa'u ta je ta gani, ta durƙusa tana tsintar ƙwaya ɗai-ɗai, abin da ta samu bai cika tafin hannu biyu ba, shi ma duk a farfashe. Ba gyaɗar shekara ce ta ƙona mata rai ba, irin uwarta ne ya ƙare, kuma uwar ta riga ta rasu.

Maza ba su ja maganar ba. Bube ya zo da kansa ya sami Malam Harisu a gaban mai gari, ya ba da haƙuri, washegari ya kawo buhun gyaɗa daga kasuwa a kan jaki. Aka yi musafaha, aka shafa fatiha, a wurin maza an gama ke nan. Harisu ya shigo gida da murna, ya ce ai buhun ya fi abin da gayaunar za ta bayar. Hawwa'u ta dube shi, ta dubi buhun, ta ce a kai shi rumbu.

Saura kwana uku Sallah, Rahamatu ta yi sallama kamar kullum. Ƙwaryar ta fi ta kowace shekara nauyi, man ya ninka. Ta ajiye, ta tsuguna, ta tambayi azumi, ta tambayi rana, ta tambayi labarin Karima. Idonta na ƙasa. Hawwa'u na amsawa a taƙaice tana jiran kalma ɗaya kan gyaɗar, amma kalmar ba ta zo ba. Rahamatu ta tashi ta tafi. Wanda ya san Fulani ya san cewa ninkin man nan shi ne ban haƙurin, kuma shi ne iyakar abin da kunya za ta bar ta ta faɗa. Hawwa'u ta shekara ashirin da Bafulatana a inuwa ɗaya, amma da yake ita ce mai magana kullum, ba ta koyi wannan ba.

Ta yi kantun da gyaɗar kasuwa, ta sa man Rahamatu kamar yadda ta saba. Ta ware rabon Rahamatu, har ma ta ƙara, ta zuba a kwanon sha mai murfi ta tura ƙarƙashin gado. Sannan ta wanke ƙwaryar tas, ta kife ta a kan turmi daidai inda mai shigowa zai fara gani. Dabarar da ta ƙulla ke nan. Rahamatu za ta gani ta ce, "Ƙawa, mi na yi maki?" Ita kuma ta fito ta amayar da duk abin da ke ranta, ta yi kukan irin gyaɗar uwarta, in ta huce ta jawo kwanon, a yi dariya. Da maƙwabciyarta Zuliha ce, da haka za a yi, ba ko tantama.

Ranar jajiberi da hantsi ta ji takun da ta sani. Ta shige ɗaki ta tsaya bayan asabari tana leƙe. Rahamatu ta yi sallama, ba a amsa ba. Ta sake yi. Sai idonta ya sauka a kan turmi. Ta daɗe a tsaye, ta ɗaga ƙwaryar ta duba cikinta, ta dubi ƙofar ɗakin. Hawwa'u ta cika bakinta da magana tana jira. Rahamatu ta sa ƙwaryar a cikin babbar ƙwaryar nononta, ta gyara gammo, ta fita a hankali kamar mai gudun tada barci.

Malam Harisu yana zaure ya ga fitarta. Ya shigo ya ce, "Ke, mi kika yi ma baiwar Allah nan? Bi ta, ba ta yi nisa ba."

"Da ƙahwarta ta tahi, da ƙahwarta za ta dawo," in ji Hawwa'u. "Tana da baki, ta tambaya."

"Ba za ta tambaya ba."

"To, ta bari."

Aka yi Sallah, baƙi suka ci kantu suka yaba, ba wanda ya lura an canza gyaɗa. Kwanon yana ƙarƙashin gado. Rahamatu ta ci gaba da shigowa gari da nono, sai dai ta daina bin lungun bayan masallaci. Daga gidan Harisu zuwa rugar Bube tafiyar da ba ta kai a dafa shinkafa ba ce, kuma zumunta a ƙafa take, Hawwa'u ta san wannan sarai, ita ce ma mai yawan faɗa wa mutane. Kullum sai ta ce gobe, in goben ta zo sai zuciya ta ce ai ita aka yi wa ɓarna. Kantun ya yi sanyi ya manne, tururuwa ta same shi, ta fitar ta zuba wa awaki.

Da shanu suka gama cin karan gonaki, su Bube suka yi kudu kamar kowane rani. Hawwa'u ta ce ba komai, in sun dawo da damina za ta je har rugar da kanta, ta riga ta huce. Damina ta faɗi ba su dawo ba. Filin da suke zama an nome shi, wasu suka ce sun yi wajen Bauci, wasu suka ce kudancin Kaduna. A lokacin waya ba ta yawaita a ƙauye ba, balle a ruga.

Ba ta daina kantu ba, kuma mutane ba su daina saye ba. Ta samu wani irin gyaɗa, ta samu wata mai man shanu, mutuniyar kirki. Amma duk jajiberi da hantsi sai aikin ya fita daga ranta, ta zauna a bakin murhu tana kallon hanyar zaure. Ta yi da na sani har ta gaji da yi. Abin da ya fi cin ta shi ne, Rahamatu ta tafi tana ganin an kore ta, ba ta san akwai kwano cike a ƙarƙashin gado da sunanta ba. Wannan magana ɗaya Hawwa'u take so ta kai kunnenta kafin ɗayansu ta mutu, ta roƙe ta gafara. Faɗanta ma ya ragu, har Zuliha takan tsokane ta ta ce ko kaji sun daina shiga shanya ne.

Allah ya ba ta dama sau ɗaya, ta sake ta. Shekara goma sha biyu da tafiyarsu Malam Harisu ya rasu. Bube ya ji labari a wata kasuwar shanu, ya yi doguwar tafiya ya zo ta'aziyya. Hawwa'u na cikin takaba, aka shigo aka ce mata ga Bube a zaure, ya ce uwar Hamma tana gaishe ta, tana yi mata gaisuwar rashi. Hamma shi ne babban ɗan Rahamatu. Hawwa'u ta so ta ce a gaya masa komai, amma ɗakin cike yake da mata, kuma ta ga maganar shekara goma sha biyu ba a aika ta da baki wayam, ga shi ba lokacin kantu ba ne, ba ta da ko gutsure. Sai ta ce a ce tana amsawa, ta gode. Kafin ta sake shawara Bube ya kama hanya, ba wanda ya tuna ya tambaye shi inda suke zaune.

Sai bara, cikin azumi, Karima ta kira ta daga Kankiya tana haki. Ta ce ta ga Hamma a kasuwa, ya zama magidanci har da furfura a gemu. Bube ya rasu, zaman can ya ƙi daɗi, sun dawo sun sauka kusa da Tafashiya, kuma Rahamatu tana nan da ranta.

Hawwa'u ta kusa saba'in, gwiwa ta fara ƙi, ido ya fara hazo. Duk da haka ba ta bar kowa ya taɓa mata kasko ba. Ta zaɓi gyaɗar ƙwaya-ƙwaya, ta tsaya a kan sukarin kamar ranar da ta fara. Washegarin Sallah ta shiga mota zuwa Kankiya, daga nan ita da Karima suka hau babur zuwa rugar. Duk hanya tana maimaita abin da za ta faɗa, ta tsara shi tun daga turmi har ƙarƙashin gado.

Hamma ya tarbe su da murna, ya durƙusa ya gaishe ta. Kafin su ƙarasa ya rage murya ya ce, "Goggo, sai dai ki yi haƙuri. Inna ta rikice, shekara biyu ke nan. Ni kaina wani lokaci sunan Baffa, mahaifina, take kira na da shi."

Rahamatu tana zaune a kan tabarma a gindin wata bishiyar bedi, ta ƙanƙance, hannuwanta a cinya. Hawwa'u ta yi sallama, ta amsa da ladabi irin wanda ake yi wa baƙo. Hawwa'u ta zauna kusa da ita ta buɗe kwano, ta ɓantaro ɗan kaɗan ta sa mata a hannu. Haƙora sun tafi, sai ta sa a baki tana tsotsa. Can fuskarta ta saki.

"Wa ya yi wanga?"

"Ni na yi, ƙawa."

"Kin iya," in ji Rahamatu. "Amma akwai wata a Ƙofa, Hawwa'u, ta hi ki."

"Ni ce Hawwa'u. Dube ni da kyau, Rahamatu, ni ce."

Tsohuwar ta dube ta sosai, ta yi ɗan murmushin nan nata, ta girgiza kai. "A'a. Hawwa'u na da hwaɗa. Da ita ce, da tuni ta cika rugar nan da hayaniya."

Karima ta juya baya tana goge ido da mayafi. Hawwa'u ta fara zuba abin da ta tsara, ta ce rabonki yana nan ranar, na zuba na rufe, ina bayan asabari ina kallonki, wauta ce da girman kai, ki gafarta mani. Rahamatu na gyaɗa kai kamar yadda take yi a inuwar rumbu, amma idonta na kan wasu 'yan maruƙa da ke ɗaure can gefe. Maganar ta bi ta samanta ta wuce. Da Hawwa'u ta gama, sai Rahamatu ta kamo mata hannu.

"Ke mutuniyar Ƙofa ce?"

"E, daga can nike."

"To, zan aike ki. Shanunmu sun cinye mata iri, irin da uwarta ta ba ta. Ba ni da bakin da zan yi mata magana, kunya ta hana ni. In kin koma ki ce mata Rahamatu ta ce ta yahe mata."

"Ta yahe tun ranar," in ji Hawwa'u. "Ita ce ma ke roƙon ki yahe mata."

"Ba ta yi mani komi ba. Ke dai ki kai saƙona, kar ki manta."

Yau ga magana cike da cikin Hawwa'u, ga Rahamatu a gabanta har tana riƙe da hannunta, amma wadda za ta ji ba ta nan. Baƙin cikin da ta ji a wannan zama ya fi na ranar gayauna nesa ba kusa ba.

"Zan gaya mata," ta ce.

Ta zauna har la'asar tana ɓantaro kantu ƙanana-ƙanana tana sa mata a hannu. Duk wanda ta karɓa sai Rahamatu ta yi godiya, ta ce Allah ya saka wa baƙuwa da alheri.